Gurbin Almustafa a Kwalejin Tsaro

Almustafa mijin ƙanwata Zuhura ne. Ni sunana Hamissou, direban motar kaya ne a kasuwar Utaiƙa da ke Riyad, ina ɗaukar kayan miya da dabino ina rarraba wa shaguna. Shi kuwa sojan kashe gobara ne a Maraɗi, mai muƙamin kyaftin. Da ba don karatun da ya kawo shi ƙasar nan ba, da iyakar sanina da shi gaisuwar surukai ce idan na je hutu gida.

A wani ƙauye kusa da Gidan Runji aka haife shi. Mahaifinsa ya sa shi makarantar da ake haɗa Faransanci da Larabci, daga can ya shiga soja, aka tura shi ɓangaren kashe gobara da ceton jama'a, waɗanda mutane ke kira 'yan kwana-kwana. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, yana da tabon ƙuna a dantsen hagu wanda ya samo a gobarar wani gidan mai. Lokacin da ya zo neman Zuhura, mahaifiyarmu ta yi ta jan ƙafa, tana cewa ita ba ta ga dalilin da za ta ba da 'yarta ga mutumin da ke rugawa inda kowa ke gudu ba. Daga baya kuma duk cikin surukanta ba wanda take ji da shi kamarsa.

Abin da ya sa shi neman ƙarin karatu wata damina ce. Ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, gidajen ƙasa suka yi ta rushewa a unguwannin gangare. Almustafa ya fita da mutanensa, ya tarar da 'yan sanda da jandarmomi da mutanen magajin gari duk sun hallara, kowa na ba da umarni, ba wanda ke sauraren wani. Wani babba ya ce a kwashe jama'a zuwa wata makarantar firamare. Almustafa ya ga katangar makarantar ta jiƙe, ya faɗa, aka ce masa ba shi ne ke da iko a nan ba. Da hantsi katangar ta faɗo a kan mata da yara da ke shanya kaya a jikinta. Da hannunsa ya tono wasu.

Daga baya ya ce mini, "Yaya, ba jarumta muka rasa ba ranar. Kowa ya shiga ruwa har wuya. Abin da muka rasa shi ne wanda ya san yadda ake haɗa kan mutane idan masifa ta faɗo. Ni kaina ban sani ba. Na ga haɗarin, amma ban san yadda zan sa a ji ni ba."

Don haka da aka ce wata kwalejin tsaro a Riyad ta ba rundunarsu gurbin karatun digiri na biyu, wanda Larabawa ke kira majistir, a fannin jagoranci da tunkarar masifu, sai ya nema. Gurbi ɗaya ne tak, kuma sharaɗinsa sai wanda ke kai ya gama sannan a turo wani. Manyansa da yawa sun so, amma da Larabci ake karatun, shi ne kuma ya ci jarrabawar. A lokacin ya doshi arba'in, da 'ya'ya uku, babbarsu Biba.

Ni na ɗauko shi a filin jirgin sama na Sarki Khalid. Ya fito da akwati ɗaya da ƙullin kilishi da yajin da Zuhura ta aiko mini. A hanya yana ta kallon gadoji da dogayen gine-gine, sai da muka kusa gari ya tambaye ni ta ina ruwa ke bi idan an yi sama a nan. Na ce masa ni ban taɓa tunanin abin ba.

Kwalejin ta ba shi ɗaki a masaukin ɗalibai, amma duk Juma'a yakan zo wurinmu a unguwar Manfuha, inda muke zaune mu bakwai a gida mai ɗaki biyu, duk 'yan Maraɗi da Damagaram, leburori da direbobi. Mukan tuƙa tuwo mu kaɗa miyar kuka, ya ci kamar wanda ya yi wata bai ga abinci ba. Zuwansa na farko, kafin ya zauna sai da ya sa muka fitar da tukunyar gas daga bayan ƙofa, ya ce idan ta kama ta ina za mu fita. Yaran gidan suka laƙaba masa suna Majistir. Ba ya fushi, murmushi kawai yake yi.

Watannin farko sun ba shi wuya. Larabcin littafi ya iya, amma abokan karatunsa manyan hafsoshi ne daga Sudan da Jodan da Yaman, kowa da harshen garinsu, idan musu ya yi zafi a aji sai ya rasa inda aka dosa. Ya ba mu labarin wani darasi da ake yi a babban ɗaki mai alluna, inda ake ƙirƙiro gari na ƙarya, a ce madatsar ruwa ta fashe, a naɗa ɗalibi ɗaya shugaba, sauran su zama 'yan sanda da likitoci da gwamna da 'yan jarida. Ranar da aka naɗa shi, ya ce ya yi ta gudu daga tebur zuwa tebur yana son ya yi komai da kansa, har malamin ya tsayar da darasin ya ce masa garinsa ya nutse.

"Ya ce da ni, 'Kyaftin, kai ma'aikaci ne nagari, amma yau ba ma'aikaci muke nema ba.' Wallahi Yaya, na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata."

Amma yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ban taɓa ganin babban mutum yana son karatu kamar haka ba. Kafin shekara ta zagayo ya shiga sahun gaba a ajin. Ya zaɓi ya rubuta kundinsa a kan yadda za a tsara kwashe jama'a lokacin ambaliya a garuruwan da gidajensu na ƙasa ne, aka haɗa shi da wani malami ɗan Muritaniya, Daktur Maulud, dattijo mai sanyin hali, don ya duba masa aikin.

A shekara ta biyu na fara lura takalminsa na matse shi. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta yi fumfum da safe, tuwon ma ya rage ci. Ya ce zaman kujera ne, jikinsa bai saba ba. Ciwon kai kuwa ya ce tun yana gida yake fama da shi, yakan sha ƙwaya ya wuce. Wata Talata ina cikin sauke kwandunan tumatir aka kira ni daga kwalejin, aka ce ya faɗi a filin atisaye, an kai shi asibiti.

Na same shi kwance, an sa masa bututu a wuya. Likitan ya yi mana bayani a tsaye, ba tare da kwana-kwana ba. Hawan jini ne da ya daɗe a jikinsa ba a kula ba, ya cinye ƙodojin duka biyu. Ba za su farfaɗo ba. Daga yanzu sai wankin ƙoda da na'ura, sau uku a mako, har iyakar rayuwa, sai fa idan an sami wanda zai ba shi tasa.

Almustafa ya saurara har ƙarshe. Abin da ya fara tambaya shi ne ko zai iya ci gaba da zuwa aji.

Cikin sharuɗɗan gurbin nasa akwai magani. Muddin yana ɗalibi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana da rai, asibiti kuma zai ci gaba da yi masa wankin. Na roƙe shi ya baro masaukin ɗalibai ya dawo wurinmu, don kada ya faɗi ba kowa kusa. Yaran suka matsa suka ba shi katifar da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Idan na gama rabon kaya da safe sai in biyo in ɗauke shi zuwa asibiti, in dawo bayan azahar in tarar da shi zaune a bakin ƙofa, ya yi fari fat, ko wayarsa ba ya iya riƙewa da kyau.

Ciwon bai dame shi kamar ƙishirwa ba. An ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, bai wuce ɗan kofi biyu ba, ga zafin Riyad wanda ko mai lafiya sai ya ji maƙoshinsa ya bushe. Yakan sa ƙanƙara a baki ya riƙa tsotsa a hankali. Mu kuma muka koma shan ruwa a kicin, muna juya baya. An hana shi dabino, an hana shi ayaba da kilishi da gishiri. Tuwon Juma'a ya zama sai a ɗebar masa nasa kafin a sa kayan ɗanɗano, ya ci loma uku ya ture.

Na je aka gwada ni ko zan ba shi ƙoda, sai aka gano ni ma ina da ciwon suga, wanda ban san da shi ba. Ƙannensa biyu a ƙauye, ɗaya ya ce ya yarda, matarsa da danginta suka tayar da hankali, zancen ya mutu. Almustafa bai sake tayar da shi ba.

Da haka ya gama darussan aji, ya rage kundi kawai. Yana rubutu a kan gadon asibiti, hannu ɗaya a jikin na'ura, ɗayan a kan kwamfuta. Babi ɗaya ya rage masa lokacin da Daktur Maulud ya zo duba shi a Manfuha. Ya hau matakalarmu yana haki, ya zauna a tabarma, ya ƙi shan shayin da muka kawo don ya ga Almustafa ba ya sha. Da Larabci suka yi magana, amma na ji abin da ya isa.

"Ɗana," in ji dattijon, "ka san ranar da ka kare kundin nan a gaban malamai, daga ranar ka daina zama ɗalibi?"

"Na sani, Daktur."

"A garinku akwai na'urar?"

"Sai an je Yamai ko Damagaram. Kuma masu jira sun fi na'urorin yawa."

Dattijon ya ce dokar kwalejin ta yarda a ƙara wa ɗalibi wa'adi idan aikinsa bai kammala ba, a ƙara, a kuma sake ƙarawa. Ya ce shi a ganinsa babin ƙarshen nan yana buƙatar nazari mai zurfi, ba abin gaggawa ba ne. Daga nan ya yi sallama ya tafi.

A wannan shekarar muka yi ƙoƙari Zuhura ta zo Umra, daga Makka ta biyo mota zuwa Riyad. Muka sama musu ɗaki a gidan wani ɗan uwa mai iyali. Da ta gan shi ba ta yi kuka ba. Sai da ya shiga banɗaki ta riƙe hannun rigata, ta ce, "Yaya, wannan ne Baban Biba?"

A gabana ta yi masa maganar, don ta san ni ma ina bayanta.

"Baban Biba, kada ka gama karatun nan. Na roƙe ka don Allah. Ni na yarda in yi shekara goma ban gan ka ba, in dai zan ɗaga waya in ji muryarka. Yara ba digiri suke so ba."

"To in yi ta yi wa mutane ƙarya ke nan?"

"Wa ka cuta? Malaminka da kansa ya buɗe maka ƙofa."

Da za ta koma ya yi mata alkawari zai nemi ƙarin wa'adin. Ya kuwa nema, aka ba shi shekara guda.

Shekarar nan ita ce mafi muni da na gan shi a ciki. Jikin ya ɗan daidaita, amma mutumin ya tafi. Ba aji, ba rubutu, daga katifa sai asibiti. Idan muka fita aiki shi kaɗai yake yini a gidan, yana kallon bango. Duk wata sai ya je kwaleji ya gaya wa kwamiti cewa yana nan yana tattara bayanai, ya dawo ya kwanta ya juya mana baya. Ya daina amsa sunan Majistir, yaran ma suka daina kira. Wata rana na dawo na tarar an bar tukunyar abinci a kan wuta har ta ƙone, hayaƙi ya cika gidan, yana kwance bai ko motsa ba. Ya ce ya ji warin, ya ɗauka daga maƙwabta ne.

Akwai wani Saidou, laftanan ne, mataimakinsa a Maraɗi, wanda ya riƙe rundunar bayan tafiyarsa. Shi aka tsayar zai zo idan Almustafa ya gama. Yaron kirki ne, duk mako sai ya kira ya gaishe shi, bai taɓa tambayar yaushe za a gama ba. Amma gurbin yana da iyakar shekarun haihuwa, kuma Almustafa ya san Saidou na dab da wuce ta.

Da damina ta kama, wata rana ina zaune kusa da shi a asibiti, an jona shi da na'ura, sai ga wayar Saidou. Daga inda nake ina jin ƙarar ruwa da ihun mutane a bayansa. Gulbi ya cika ya shigo garin Maraɗi. Almustafa ya yunƙura zai tashi zaune, na'urar ta fara ƙara, ma'aikaciyar jinya ta rugo ta danne kafaɗarsa. A kwance ya yi maganar. Ya ce wa Saidou ya bar bakin ruwa ya koma wuri ɗaya inda kowa zai same shi, ya nemi shugaban jandarmomi da na 'yan sanda su tsaya tare da shi, a raba unguwanni, kada a kai kowa ginin da ba a duba ba.

"Shef, ba za su saurare ni ba," in ji Saidou. "Kowa ya girme ni a muƙami. Ni ban san yadda zan yi da su ba."

Sai layin ya yanke. Washegari muka ji an rasa mutane da dama, har da biyu daga cikin yaran rundunar Almustafa, waɗanda aka tura wata unguwa da kwale-kwale alhali an riga an kwashe mutanenta, ba wanda ya gaya musu. Ɗayansu Almustafa ne ya ɗauke shi aiki, shi ya tsaya masa a aurensa.

A kwana na uku na dawo daga kasuwa na tarar da shi ya jingina da bango, kwamfutar na kan cinyarsa. Na san abin da yake yi. Na tsaya a kansa ko takalmi ban cire ba.

"Almustafa, ka yi wa Zuhura alkawari."

"Na cika shi, Yaya. Na nemi wa'adin, an ba ni, na ci."

"To ka sake nema. Kana tsammani takardarka ce za ta tare gulbi? Ka koma can ka mutu, ruwa kuma ya sake zuwa baɗi kamar yadda ya saba."

"Zai zo," ya ce. "Amma ni an turo ni ne in koyo abu in kai gida. Na koya. Ga shi nan a cikin kaina, ni kuma ina kwance a Manfuha ina tsotsar ƙanƙara. Na zauna a kan kujerar, ban yi amfani da ita ba, ban kuma tashi wani ya zauna ba."

"'Ya'yanka fa? Biba fa?"

Ya ɗago ya dube ni. Idonsa ya yi ja. "Kana ganin ban yi tunaninsu ba? Yara biyun da ruwa ya ci su ma suna da 'ya'ya."

Na faɗa masa maganganu masu zafi ranar. Na ce girman kai ne ke damunsa, yana son a ce ya yi jarumta, ƙanwata ce za ta biya. Muka yi mako ina kai shi asibiti ina ɗauko shi, ba mai ce wa wani uffan sai sallama. Zuhura ta kira shi ta yi kuka, ta kira ni ta yi kuka, ta sa mahaifiyarmu ta kira shi. Ya saurari kowa, ya ba kowa haƙuri, ya ci gaba da rubutunsa.

Da na ga ba zai sauya ba, sai na nemi wata hanya. Na je wurin kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, na roƙe shi ya ɗauki Almustafa ko a matsayin mai gadi ne, don iƙamarsa ta ci gaba. Mutumin ya tausaya, ya ce a kawo shi. Amma sai an yi gwajin lafiya kafin a ba ma'aikaci izini, kuma ba likitan da zai ce mai wankin ƙoda ya isa aiki. Daktur Maulud ma ya bi ofisoshi yana nema masa gurbin digiri na uku, aka ce wannan sai ƙasarsa ta sake turo sunansa, ƙasar kuma ba ta amsa ba.

Ranar kare kundin, mu biyar daga gidanmu muka bar aiki, muka sa kayan Sallah muka tafi. Ban taɓa wuce ƙofar kwalejin ba sai ranar. Almustafa ya sa kakinsa na soja, wanda ya yi masa yawa har sai da muka ƙara huda a bel ɗin. Aka ba shi izini ya yi bayani a zaune. Muryarsa ta fito tar, kamar ta mutumin da na ɗauko a filin jirgi. Malamai uku suka yi ta jefa masa tambayoyi, yana amsawa, mu muna baya ba mu fahimci rabin abin ba. Da aka sanar ya ci da daraja mafi girma, yaranmu suka yi kabbara har wani jami'i ya juyo ya dube mu. Daktur Maulud ya rungume shi, ya daɗe bai sake shi ba. Ni kuwa ina kan kujerata ina kallonsu.

Ba a jima ba aka buga masa bizar fita ta ƙarshe. An yi masa wanki da safen ranar tafiyar, likitan ya rubuta masa bayanin jinyarsa, ya haɗa shi da magungunan da za su ɗan kai shi.

A Yamai aka ajiye shi, a makarantar horar da hafsoshin rundunarsu, don ya kasance kusa da asibiti. Zuhura ta bar yara wurin mahaifiyarmu ta bi shi, suka kama ɗaki ɗaya. Wankin da ake yi masa sau uku a nan ya koma sau biyu, wani makon sau ɗaya, wani lokacin su je a ce na'ura ta lalace ko kayan aiki sun ƙare. Duk da haka ya fara koyarwa. Ya tara ƙananan hafsoshi a wani aji, ya jera tebura, ya zana gari a allo, ya naɗa ɗaya shugaba. Zuhura ta ce a kan babur ake kai shi, a riƙo shi har kujera. Rukuni ɗaya ya yaye. Yana tsakiyar na biyu ruwa ya taru masa a huhu, aka kai shi asibiti ana jiran na'ura ta samu sarari. Bai kai ga layinsa ba. Wata bakwai ke nan da komawarsa.

Ban sami zuwa jana'iza ba, lokacin azumi ya gabato, kasuwa ta cika, kafilina ya ce ba zai iya sakina ba. A gidanmu na Manfuha muka taru muka yi masa addu'a, Daktur Maulud ya zo ya zauna tare da mu.

Saidou bai sami gurbin ba. Takardunsa sun yi wata da watanni a wani ofishi ba a sa hannu ba, kafin su fito ya wuce shekarun. Wani aka turo daga hedikwata, wanda aka ce bai taɓa riƙe tiyon ruwa ba. Na ji yana nan a Riyad, ban neme shi ba.

Sai bayan shekara na sami hutu na je gida. Zuhura ta koma Maraɗi da yara, tana soya awara a ƙofar gida, Biba na taya ta idan ta taso makaranta. Ta tarbe ni da kyau, ta yi mini fura, muka yi hirar kowa da komai, amma da na ambaci Riyad sai ta tashi ta ce za ta duba wuta.

Da la'asar Saidou ya zo gaishe ni, da kakinsa, da 'yar rediyon aiki a ƙugu. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ranar. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfura ta fara fito masa. Ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Muka zauna a dakali muna kallon masu wucewa. Can ya gyara zama ya ce, "Yaya, wai yaya makarantar take? Daga ciki nake nufi."

Na ce masa sau ɗaya na shiga. Na gaya masa akwai dogon baranda mai sanyi, da tutocin ƙasashe a jere, da babban ɗaki mai jan kafet da kujeru masu laushi. Ya tambaya ko na ga ɗakin da ake ƙirƙiro garin. Na ce ban gani ba, a rufe yake ranar.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan ƙara zama, sannan ya ce zai koma bariki, akwai sababbin yara da aka kawo masa ba su ma iya naɗe tiyo ba. Na raka shi har bakin titi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.